Charleston: Zangon Tsofaffi, Masaukin Bayi

A Amurka akwai tsofaffin da idan sun yi ritaya sukan sayar da gida su sayi ƙaramin jirgin ruwa, ya zame musu ɗaki da madafa. Da sanyi ya kawo jiki sai su gangara kudu ta hanyar ruwan da ke bin gaɓar Tekun Atlantika, daga Norfolk zuwa Florida. Cikin zangunan da suka fi so akwai Charleston a jihar Karolina ta Kudu, birnin da Turawan Ingila suka kafa a 1670. Nan sukan ɗaure jirgi su taka a ƙasa, suna kallon tsofaffin benaye da majami'u.

Abin da ya gina benayen nan kuwa shinkafa ce. Manomin Bakura ko Talata Mafara da ke shayar da gonarsa da ruwan madatsar Bakolori zai gane aikin da kallo ɗaya: a tare ruwa da gini, a buɗe masa ƙofa ya shiga fadama, a rufe idan ya isa. A Karolina, cikowar teku ce ke tura ruwan kogi cikin gonaki. Masu gonakin sun fi neman bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Saliyo, saboda mutanen can sun gaji noman shinkafa kaka da kakanni. Gwanintarsu ita ta ƙara musu farashi a kasuwar bayi.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a ɗaure ta wannan tasha suka shiga. Ɗaya daga cikinsu shi ne Umar ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro, wanda aka sauke a 1807, gab da dokar hana shigo da bayi ta fara aiki a 1808. Ya tsere zuwa Karolina ta Arewa, aka sake kama shi. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, rubutun da ke ajiye yanzu a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Ya rasu bai sami 'yanci ba.

Birnin ya daɗe yana nuna wa baƙi benaye, yana kau da kai daga waɗanda suka gina su. Sai a 2018 majalisar birnin ta nemi gafara a kan bautar. A 2023 aka buɗe gidan tarihin baƙar fata a matsayar Gadsden, wurin da aka riƙa sauke bayi. Tsohon da ya ɗaure jirginsa a bakin kogin Cooper yau yana iya zuwa can da ƙafa, ya tsaya inda dubban mutane suka fara taka ƙasar Amurka da mari a ƙafa.