Algaita da Tsagewarta: Tarihin Wata Sana'a da ke Neman Ɓacewa

Duk wanda ya tashi a Miga ya san muryar algaita. Ita ce ke sanar da fitowar hakimi ranar hawan salla, tun kafin a hango dawaki. Amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda wannan ɗan icen ke shekaru yana aiki a ƙasa irin tamu, wadda damina ke jiƙawa sharkaf, hunturu kuma ya busar ƙayau.

Sunan algaita ya samo asali ne daga Larabcin Arewacin Afirka, inda har yau ake busa irinta a Maroko da Aljeriya. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda (1421-1438) wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da ganguna da kayan busa da tutoci, sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara amfani da kakaki. Garinmu yana gabashin Kano, ta fuskar Haɗeja da Barno, kuma yana cikin masarautar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, muka koma ƙarƙashin Dutse. Don haka kayan busan fadarmu 'yan gida ɗaya ne da na waɗannan masarautu.

Algaita aikin mutum uku ce. Masassaƙi ya fafe icen ya huda ramukan yatsu, maƙeri ya ƙera bututun ƙarfe da faifan da leɓe ke dogara a kai, baduku ya lulluɓe jikin da fata. Mai busa shi ke gyara ɗan karan da ke bakinta, wanda kaɗawarsa ke haifar da sauti.

Me ke tsaga ta? Mai algaita ba ya yanke busa: yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci. Wannan numfashi mai ɗumi da laima yana kumbura cikin icen, alhali iskar hunturu tana ƙanƙance bayansa. Idan ciki ya buɗe, waje ya tsuke, sai icen ya dare bisa tsawonsa, galibi tsakanin ramukan yatsu ko inda bututu ke shiga. Fata takan ɓoye tsagar, sai dai mai busa ya ji iska na zurarewa, murya ta dushe. Ko Turawa ba su tsira ba. Irin tasu algaitar ana yin ta ne da wani baƙin ice na Tanzaniya da Mozambik, ita ma takan tsage a lokacin sanyi, har sai an ɗaure tsagar da ƙananan ƙusoshi.

Ina yaro na sha zama wurin wani dattijo mai busa, Allah ya jiƙansa, ina kallon gyaransa. Yakan farke ɗinkin fata, ya share tsagar, ya bar icen ya huta a inuwa. Daga nan ya narka kakin zuma ya cike ta, ya naɗe wurin da zare tamau, kana ya kai wa baduku ya ɗinka sabuwar fata tana jiƙe. Da fatar ta bushe sai ta matse icen, tsagar ta haɗe. Yakan shafa mai a cikinta kafin hunturu, kuma ba ya ajiye ta a rana ko kusa da murhu.

Na san darajar wannan ilimi ne ranar da na rasa shi. Ina shugaban makaranta muka aro algaita don wasan yara, aka manta da ita a bakin taga kwana uku cikin hunturu, ta tsage. Don kunya na ɗura mata gam na kanti. Gam ɗin ya sandare, ya toshe rami guda, da damina ta zo icen ya motsa, tsagar ta zarce gaba. Mai ita ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, ai da ka kawo mini ita da ciwonta." Ta mahaifinsa ce.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau masu gyaran nan sun tsufa, 'ya'yansu sun bi boko da kasuwanci, kamar yadda mu ma muka bi. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, idan kun zo salla gida, ku nemi waɗanda suka rage, a ɗauki bayaninsu a rubuce da murya. Ƙungiyarmu kuma ta ɗauki nauyin yaro ko biyu su zauna gabansu su koya, tun masu koyarwar suna da rai.