Wasa na Shida a Rekiyabik, 1972: Matakin Farko na Bobby Fischer

Wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ya bambanta da darar da muka sani ta wajen cewa ana rubuta kowane mataki nasa, a adana. Saboda haka masanin tarihi yana iya zama da wasan da aka yi shekaru hamsin da suka wuce ya bi shi daki-daki, kamar yadda yake bin takardun mulki.

Tun daga 1948 har zuwa 1972 kambin duniya na wannan wasa ya kasance a hannun mutanen Tarayyar Sobiyet, wadda ta ɗauke shi shaidar fifikon tsarinta. A 1972 aka haɗa gwaninsu, Boris Spassky, da Ba'amurke Bobby Fischer a Rekiyabik, babban birnin Aisilan. Fischer ya faɗi a wasan farko, ya ƙi zuwa na biyu aka ba Spassky, sa'an nan ya farfaɗo har suka yi kunnen doki, kowa da maki biyu da rabi. A haka suka zauna wasa na shida ranar 23 ga Yuli.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, kusan duk rayuwarsa Fischer da dakaren gaban sarki yake buɗe wasa, wato e4, kuma a kan wannan ne mutanen Spassky suka kwana suna shiri. Rannan sai ya tura dakaren c4. Bayan 'yan matakai wasan ya koma tsarin da ake fara shi daga ɓangaren sarauniya, Spassky kuwa ya zaɓi kariyar Tartakower, wadda ya ƙware a kanta ƙwarai. Wato dai Fischer ya bi damisa har kogonta.

Mutane da yawa sukan ce mamaki ne ya kayar da Spassky. A ganina wannan bayani bai wadatar ba. Har mataki na 13 babu abin da Spassky bai sani ba. A na 14 Fischer ya kai giwarsa b5, kuma ko wannan ba ƙirƙirarsa ba ce: Semyon Furman ya riga ya doke Efim Geller da ita a 1970. Geller ɗin nan kuwa yana cikin masu taimaka wa Spassky a Rekiyabik! Spassky ya amsa da a6, amsar da ta riga ta ci Geller. Amsar da ta fi, wato janye sarauniya zuwa b7, Geller da kansa ya nuna ta a 1973, ya doke Jan Timman da ita. Ashe ba buɗewar ce ta fi ƙarfin Spassky ba. Shirin da aka yi masa ne bai kai kan allo ba.

Daga nan baƙin dakaru biyu, na c5 da d5, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ba mai tsaron bayansu. Fischer ya ba da dokinsa ya karɓi giwar Spassky a e6, sa'an nan a mataki na 20 ya tura e4, matakin da aka yi zaton zai fara da shi tun farko. Spassky ya ciyar da dakarensa gaba zuwa d4, ya bar gidan c4 a buɗe, farar giwa ta zo ta zauna a kai tana duban sarkinsa. Sauran wasan matsi ne sannu a hankali, har Fischer ya sadaukar da hasumiya don doki a mataki na 38.

A mataki na 41 Spassky ya miƙa wuya, ya kuma shiga sahun 'yan kallo yana tafa wa abokin karawarsa. Wannan ne karo na farko da Fischer ya shiga gaba a gasar, bai kuwa sake komawa baya ba har ya ɗauki kambin da maki 12½ da 8½.