Garantin Firji, Fanka da Na'urar Sanyaya Ɗaki: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne da kamfani ko mai kanti yake yi wa mai saye. Ma'anarsa ita ce, idan kayan da ka saya suka lalace a cikin wani lokaci da aka ƙayyade, za a gyara maka su ko a musanya maka ba tare da ka biya ba. Yawanci wa'adin yakan kasance wata 6 ko shekara 1.

A Amurka akwai kamfanonin da magidanci yake biya kuɗi kowace shekara, domin su ɗauki nauyin gyaran na'urorin ɗumama gida da na sanyaya shi. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela ta jahar Tawa, abin da ka fi haɗuwa da shi shi ne garantin da ake ba ka ranar da ka sayi firji, fanka, na'urar sanyaya ɗaki ko kayan sola. Garanti yana da amfani. Amma idan ka dogara da shi kaɗai, kana iya yin asara babba.

Abin da garanti yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka

Garanti yana ɗaukar aibin da kaya suka zo da shi daga masana'anta. Amma abubuwan da suka fi kashe na'urori a ƙasarmu guda uku ne, kuma galibin takardun garanti sun cire su.

Na farko shi ne wutar lantarki. An ƙera waɗannan na'urori domin su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta yi rauni, injin firji yakan yi ta fama ya kasa tashi har ya yi zafi. Idan kuma aka ɗauke ta ta dawo da ƙarfi, tana iya ƙona shi nan take. Duk da tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a shekarar 2018, buƙatar wuta takan ƙaru ƙwarai a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. A daidai lokacin ne na'urarka ta fi wahala.

Na biyu shi ne ƙura. Iskar hunturu tana toshe matatar na'urar sanyaya ɗaki, tana kuma rufe bututun da ke bayan firji. Na'urar da ta toshe ba ta iya fitar da zafinta. Kamfani zai ce wannan rashin kulawa ne daga wajenka.

Na uku shi ne zafi. Batirin sola mai dalma ya fi daɗewa a wuri mai digiri 25. Duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da kimanin digiri 10, tsawon rayuwarsa yakan ragu da rabi. Idan an ce maka faifan sola yana da garantin shekara 25, ka sani wannan magana ba ta shafi batiri ba. Garantin batiri gajere ne.

Nisa da kan iyaka

Mutane da yawa suna sayen kayan sanyi a Sakkwato ko a Illela ta Najeriya, saboda kusanci da sauƙin farashi. Ka tuna cewa sau da yawa garanti yana aiki ne a ƙasar da aka sayi kayan kawai. Idan firjinka ya lalace, kai ne za ka mayar da shi, kai ne za ka biya kuɗin mota.

Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. An sake rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Wanda yake riƙe da garantin wata 6 daga wani kanti na ƙetare a irin wannan lokaci, wa'adinsa ya ƙare takardar tana cikin aljihunsa.

Idan kuma wakilin kamfanin yana Yamai ne, tsakaninsa da Birnin Ƙonni ya wuce kilomita 400. Mai zaune a Galmi ko Badagishiri sai ya yi lissafi da kyau kafin ya ɗora firji a kan mota.

Asarar jira

Garanti yana gyara na'ura, amma ba ya biyan abin da ka rasa kana jira. A ɗauka wata mace tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana samun ribar jika 2 a kowace rana. Firjinta ya lalace a farkon azumi. Mai kanti ya ce sai kayan gyara sun iso. Idan ta jira kwana 30, ta rasa jika 60, kuma masu sayenta sun koma wani gida. Haka abin yake ga mai sayar da nama, nono ko magani.

A nan wata matsala take ɓullowa. Idan ka gaji da jira ka kira mai gyara na unguwa ya buɗe na'urar, yawancin kamfanoni za su ce garantinka ya faɗi. Ka ga dole ka zaɓi ɗaya, ko jira ko biya.

Garantin baki

Kalmar «in ya lalace ka dawo da shi» ba garanti ba ce, sai an rubuta ta. Mai kanti yana iya mantawa, yana iya ƙaura, yaron da ya sayar maka yana iya barin aiki. Tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga Turai kuwa, garantin kamfaninsu ya daɗe da ƙarewa.

Kafin ka biya kuɗi

1. Ka nemi takardar shaidar saye mai ɗauke da kwanan wata, sunan kanti, hatimi da lambar na'urar.
2. Ka tambaya: wata nawa ne garantin? Me ya ɗauka? Wa zai yi gyaran, kuma a wane gari? Wa zai biya kuɗin mota da ladan mai gyara?
3. Idan karatun takardar ya yi maka wuya, musamman in da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta ta, ka kai wa malamin ajinku na yaƙi da jahilci ya karanta maka.
4. Ka sa a kunna na'urar a gabanka.
5. Ka zaɓi irin wadda masu gyara na garinku suka sani, wadda kuma ake samun kayan gyaranta a kasuwa.

Bayan ka kai gida

1. Kada ka kunna firji da isowarsa. Ka bar shi a tsaye na awa 4 ko fiye, domin man injin ya koma mazauninsa.
2. Ka sayi na'urar daidaita wuta, wadda ake kira sitabilaiza. Kuɗinta bai kai na sabon inji ba.
3. Idan an ɗauke wuta, ka cire firji daga soket. Idan ta dawo, ka jira minti 5 kafin ka mayar.
4. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin firji da bango, kuma kada ka ajiye shi inda rana take dukansa.
5. Ka wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki kowane mako 2, musamman lokacin hunturu.
6. Ka ajiye batirin sola a inuwa, inda iska take shiga.

Asusun gyara

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan na'urarka tana kawo maka kuɗi, ka riƙa ware wani abu daga ribar kowane mako, ko da dala 100 ne. A shekara ɗaya za ka tara jika 26. Mata masu adashi suna iya keɓe zubi ɗaya domin wannan buƙata.

Ka adana takardar garantinka a cikin leda, a wurin da gara da ruwa ba za su taɓa ta ba. Idan na'ura ta nuna aibi a kwanakin farko, kada ka yi jinkiri, ka koma kanti da takardarka tun wa'adi bai cika ba. Wannan haƙƙinka ne. Sauran kulawar kuwa tana hannunka.