Jam'in suna a Hausa

Jam'in suna shi ne sigar da suna ke ɗauka idan abin da ake nufi ya wuce ɗaya. Kishiyarsa ita ce tilo. Hausa, wadda ke cikin iyalin harsunan Cadi, tana da hanyoyin gina jam'i da yawa. Paul Newman ya kasa su rukuni fiye da goma a littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Hanyoyin gina jam'i

Ɗafa-ƙeya: ana cire wasalin ƙarshe a liƙa ƙari a jikin saiwa, kamar kogi/koguna, kifi/kifaye da gona/gonaki.

Ɗafa-ciki: ana saka wasali a tsakiyar saiwa, kamar jirgi/jirage.

Maimaita baƙin ƙarshe: hanya/hanyoyi, tasha/tashoshi. Kalmomin aro da dama sun bi wannan hanya. A mota/motoci, "t" ta koma "c" saboda wasalin "i" da ya biyo ta.

Sauya wasalin ƙarshe: fadama/fadamu, masunci/masunta.

Ninki: iri/iri-iri.

Wasu sunaye ba sa bin ƙa'ida, kamar sa/shanu, don haka haddace su ake yi. Wasu kuma suna da jam'i fiye da ɗaya, kamar tafki/tafkuna ko tafukka.

Karin sauti da jinsi

Yawancin rukunonin suna da karin sautinsu, wanda ke shafe na tilo. Motoci da hanyoyi duk gaɓoɓinsu sama suke, jirage da kifaye kuwa sama-ƙasa-sama ne. Rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan. Bambancin jinsi ma yana ɓacewa a jam'i: ana cewa jirgin ruwa da gonar shinkafa, amma jiragen ruwa da gonakin shinkafa.

Jam'in -awa a ƙasar Haɗejiya

Ƙarin -awa yana nuna mutanen wani gari ko wata ƙabila, kamar Bahaushe/Hausawa da Haɗejawa. A Jihar Jigawa wannan ƙari ya adana wani ɓangare na tarihi. Auyokawa, Shirawa da Teshenawa sunaye ne na al'ummomin da a da suke da harsunansu na Cadi, dangin harshen Bade da har yanzu ake yi a Jihar Yobe da gabashin Jigawa. Harsunan uku sun mutu, masu su sun koma Hausa. Da waɗannan sunayen jam'i na Hausa ne masana harshe ke kiran harsunan a yau.