Popescu

Popescu sunan iyali ne a harshen Romaniyanci, kuma yana cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar Romaniya. Ma'anarsa ita ce "ɗan limamin coci" ko "na gidan limamin coci". An gina shi ne daga kalmar popă, wato limamin coci, da ɗafa-ƙeyar -escu wadda ke jingina mutum ga mahaifinsa ko zuri'arsa. Sunan ya fi yawa a kudancin ƙasar, a yankunan Muntenia da Oltenia da birnin Bukarest. Ana kuma samunsa a Jamhuriyar Moldova da sauran ƙasashen da 'yan Romaniya suka yi ƙaura zuwa cikinsu. Masu wannan suna ba daga kaka ɗaya suka fito ba. Iyalai masu yawa ne a garuruwa daban-daban suka ɗauke shi, kowannensu saboda limamin da ke cikin kakanninsa ko saboda ƙauyen da ya fito.

Furuci da rubutu

Ana furta sunan Popesku, da ƙarfafa gaɓa ta biyu. Harafin c a wannan wuri yana ba da sautin k ne, saɓanin yadda ake karanta shi a Hausa. Idan ana maganar iyalin gaba ɗaya sai a ce Popeștii, inda harafin ș ke ba da sautin sh. A takardun hukuma mace da namiji duk Popescu suke rubutawa, amma a maganar yau da kullum akan kira matar gidan da Popeasca.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 da haruffan Sirilik ake rubuta Romaniyanci, kuma da su aka rubuta wasiƙar Neacșu ta shekarar 1521, wadda ita ce takarda mafi daɗewa da aka samu a harshen. A farkon shekarun 1860 hukuma ta koma amfani da haruffan Latin. A Moldova ta zamanin Tarayyar Sobiyet kuwa an ci gaba da rubutu da Sirilik har zuwa 1989, don haka a takardun wancan lokaci ana ganin sunan a matsayin Попеску. A Faransa an saba mayar da -escu zuwa -esco, shi ya sa ake samun Popesco, kamar yadda aka san marubucin wasan kwaikwayo Eugen Ionescu da Eugène Ionesco, mawaƙi George Enescu kuma da Georges Enesco.

Asalin kalmar

Romaniyanci harshe ne da ya samo asali daga Latin, ɗan uwan Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci, amma ya ari kalmomi masu yawa daga harsunan Slab da ke kewaye da shi. Kalmar popă na cikin waɗannan kalmomin aro. Ta shigo ne daga tsohon harshen Slab na coci, wanda aka ɗauki ƙarnoni ana ibada da rubuce-rubucen fada da shi a masarautun Wallachia da Moldavia. Masana da dama na danganta tushenta da kalmar Girkanci papas, wadda ke nufin uba ko limami. Harshen yana da wata kalmar mai wannan ma'ana, preot, wadda ya gada daga Latin. A yau preot ake amfani da ita a rubutu da wuraren girmamawa, popă kuma ta zama ta maganar gida da kasuwa. Duk da haka, popă ce ta fi haifar da sunayen iyali.

Ɗafa-ƙeyar -escu ta fito ne daga -esc, wadda ake gina sifa da ita. Misali, daga român, wato mutumin Romaniya, ake samun românesc, wato abin da ya shafi Romaniya. Sunan Wallachia a harshen mutanenta ma shi ne Țara Românească. A tsofaffin takardu ana rubuta irin waɗannan sunaye da l a ƙarshe, kamar Popescul, daga baya harafin ya faɗi. Akasarin masana na mayar da -esc ga -iscus ta Latin, 'yar uwar -esco ta Italiyanci da -esque ta Faransanci, wasu kuma na ganin ta samo tushe daga harshen mutanen da suka zauna a yankin tun kafin zuwan Rumawa.

Jam'in -escu shi ne -ești, kuma da shi aka gina sunayen garuruwa da yawa, domin ƙauye kan ɗauki sunan zuri'ar da ta kafa shi ko ta mallake shi. Ta haka aka samu București, Ploiești da Pitești. Akwai kuma ƙauyuka da dama masu suna Popești, da garin Popești-Leordeni da ke gefen Bukarest. Wannan ya ba sunan hanya ta biyu: mutumin da ya fito daga wani Popești, ko mai gonaki a can, yana iya zama Popescu ko da babu limami a cikin kakanninsa na kusa. Marubucin tarihin Wallachia Radu Popescu, wanda ya rasu a 1729, misali ne, domin mahaifinsa Hrizea babban jami'in fada ne da aka sani da Hrizea na Popești.

Dalilin yawan sunan

Dalili na farko shi ne tsarin Cocin Otodoks, wanda mafi rinjayen 'yan Romaniya ke bi. A wannan coci an yarda mai aure ya zama limami, muddin ya yi auren kafin a naɗa shi. Manyan shugabanni ne kawai, wato bishop-bishop, ake zaɓa daga cikin marasa aure. Saboda haka kusan kowane ƙauye yana da limami mai iyali, kuma 'ya'yansa da jikokinsa sanannu ne ga kowa da laƙabin 'ya'yan limami. Sau da yawa ɗa kan gaji mahaifinsa a aikin. Gidan limami kuma yana cikin gidaje kaɗan da ake koyon karatu da rubutu, don haka 'ya'yan limamai suka yi yawa a cikin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati na farko.

Dalili na biyu shi ne yadda aka tabbatar da sunayen iyali a ƙarni na 19. Kafin lokacin, talakan ƙauye yakan amsa sunan yankansa ne haɗe da na mahaifinsa, ko sana'arsa, ko wani laƙabi, kuma wannan kan canza daga uba zuwa ɗa. Manyan gidajen sarauta da masu filaye ne ke da tsayayyun sunaye, da yawansu masu ƙarewa da -escu, irin su Golescu, Văcărescu, Florescu da Filipescu. Bayan haɗewar Wallachia da Moldavia a 1859 ƙarƙashin Alexandru Ioan Cuza, an kafa dokar zaman jama'a ta 1864, rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun hukuma. A 1895 aka yi dokar suna, wadda ta wajabta wa kowa ya kasance da sunan iyali. Makarantu da aikin soja da ofisoshin gwamnati duk suna buƙatar suna tsayayye, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki sunan uba a liƙa masa -escu. Ɗan Ion ya zama Ionescu, ɗan Gheorghe ya zama Georgescu, ɗan Dumitru ya zama Dumitrescu, ɗan limami kuma ya zama Popescu.

A wannan zamani ne kuma masu kishin harshe suka riƙa fifita -escu a kan -ovici, wadda ake gani a matsayin ta Slab. Sanannen misali shi ne mawaƙin ƙasar Mihai Eminescu, wanda sunan gidansu Eminovici ne. Editan mujallar Familia, Iosif Vulcan, shi ya sauya masa shi lokacin da ya buga waƙarsa a 1866.

Yaɗuwa a cikin Romaniya

Taswirar sunan na bin tsofaffin iyakokin siyasa. A Muntenia da Oltenia, waɗanda su ne tsohuwar Wallachia, Popescu ya fi ko'ina yawa. A Moldavia ta gabas ana samunsa tare da Popa da Popovici, da kuma sunaye masu farawa da A- ta mallaka, kamar Apopei, wato "na limami", da Apreotesei, wato "na matar limami". A Transylvania, wadda ta kasance ƙarƙashin Hungari da daular Habsburg har zuwa 1918, an rubuta sunayen mutane a littattafan coci da na hukuma ƙarƙashin wani tsari daban, kuma -escu ba ta yi ƙarfi a can ba. Limaman Cocin Katolika na tsarin gabas, wanda aka kafa a yankin wajen shekarar 1700, su ma suna da aure, amma zuriyarsu ta fi amsa Pop ko Popa. Har yau Pop na cikin sunaye mafi yawa a Cluj, Maramureș da Satu Mare.

Ƙaurar cikin gida ta rage wannan bambanci. Yankin Dobrogea da ke bakin Baƙin Teku ya shiga Romaniya a 1878, mutane daga wasu yankuna suka je suka zauna a Constanța da kewayenta. Bayan haɗewar 1918, ma'aikata da malamai da sojoji daga kudu sun yi aiki a sababbin lardunan. A zamanin mulkin kwaminisanci, daga 1947 zuwa 1989, masana'antu sun jawo ma'aikata daga kudu da gabas zuwa birane irin su Brașov da Timișoara.

Yaɗuwa a wajen Romaniya

A Jamhuriyar Moldova, wadda ta samu 'yancin kai a 1991, akwai masu suna Popescu, sai dai sunaye irin su Rusu, Ceban da Ciobanu sun fi shi yawa. Yankin ya kasance ƙarƙashin Rasha daga 1812 zuwa 1918, wato a daidai lokacin da -escu ke bazuwa a Romaniya. Ana kuma samun sunan a tsakanin masu jin Romaniyanci a Sabiya da Yukren.

'Yan Romaniya da suka tafi Amurka da Kanada a farkon ƙarni na 20 akasarinsu daga Transylvania, Banat da Bukovina suka fito. A zamanin kwaminisanci wasu marubuta da masana sun bar ƙasar zuwa Faransa, Jamus da Amurka. Ƙaura mafi girma ta zo ne bayan 1989, musamman bayan shigar Romaniya Tarayyar Turai ranar 1 ga Janairu, 2007. Italiya, Sifaniya, Jamus da Birtaniya ne suka karɓi mafi yawan waɗannan mutane, kuma a can ake yawan cin karo da sunan a yau.

Sunaye masu alaƙa

A cikin Romaniyanci akwai Popa, Pop, Popovici da Protopopescu, wato ɗan babban limami. Wasu muƙaman coci ma sun ba da sunaye, kamar Diaconu da Diaconescu daga mataimakin limami, da Dascălu daga mai rera waƙoƙin coci ko malamin makaranta. Sauran al'ummomin da limamansu ke aure suna da irin wannan suna: Popov a Rasha da Bulgeriya, Popović a Sabiya, Popovski a Masedoniya ta Arewa, Papadopoulos a Girka, da Khoury a wurin Kiristocin Lebanon da Siriya.

Saboda yawan masu sunan, wasu kan ƙara suna na biyu don a bambanta su. Masanin duwatsu Ion Popescu-Voitești ya ƙara sunan ƙauyensu, shi kuma Ion Popescu-Gopo ya haɗa farkon sunayen iyayensa biyu, Gorenco da Popescu.

Fitattun masu sunan

- Radu Popescu, marubucin tarihin sarakunan Wallachia, ya rasu a 1729.
- Elvira Popescu, 1894 zuwa 1993, 'yar wasan kwaikwayo haifaffiyar Bukarest da ta yi suna a Paris da sunan Elvire Popesco.
- Ion Popescu-Gopo, 1923 zuwa 1989, mai shirya fina-finan zane, wanda gajeren fim ɗinsa ya ci kyautar Palme d'Or a bikin Cannes na 1957.
- Stela Popescu, 1935 zuwa 2017, 'yar wasan barkwanci.
- Dumitru Radu Popescu, 1935 zuwa 2023, marubucin labarai da wasannin kwaikwayo.
- Petru Popescu, haifaffen 1944, marubuci da ya koma Amurka da zama.
- Călin Popescu-Tăriceanu, Firaministan Romaniya daga 2004 zuwa 2008.
- Irinel Popescu, likitan tiyata da ya shahara a dashen hanta a asibitin Fundeni da ke Bukarest.
- Sandu Popescu, haifaffen 1956, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bristol da ke Ingila.
- Marioara Popescu, 'yar tseren kwale-kwale da ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1984 da ta 1996.
- Gheorghe Popescu, haifaffen 1967, ɗan ƙwallon ƙafa da ya buga wa Romaniya wasa 115. Ya taka leda a PSV Eindhoven, Tottenham, Barcelona da Galatasaray, kuma shi ya ci bugun fanareti na ƙarshe da ya ba Galatasaray kofin UEFA a kan Arsenal a shekarar 2000.
- Nicu Popescu, haifaffen 1981, Ministan Harkokin Wajen Moldova a 2019, da kuma daga 2021 zuwa 2024.