Hannun da bai ƙara sauri ba: tarihin faifan ajiya da nawar uwar garken gida

Akwai wata damuwa da masu tara bidiyo a gida suka saba da ita. Mutum ya zuba fina-finai da karatuttukan malamai da hotunan biki a wata tsohuwar kwamfuta, ya sanya mata manhajar Plex ko Jellyfin domin talabijin da wayoyin gidan su riƙa kallo daga gare ta, wato ya mayar da ita uwar garke. Bayan 'yan watanni sai ta fara nawa: jerin fina-finai ya daɗe bai buɗe ba, hotunan bango su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ya tsaya yana jiran numfashi. Abin da kan fara zuwa wa mai gida a rai shi ne ya sayo faifan ajiya na waje, babba, ya jona. Sau da yawa kuɗin kan tafi, nawar kuma tana nan daram. Dalilin haka ya girmi Plex, ya girmi USB, ya ma girmi kwamfutar tebur.

A watan Satumba na 1956 kamfanin IBM ya bayyana kwamfutar 305 RAMAC, tare da ma'ajiyarta mai lamba 350, wadda aka ƙera a San Jose ta jihar Kalifoniya ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson. Ita ce faifan ajiya na farko da ya shiga kasuwa. Faya-fayan ƙarfe 50 ne aka jera a kan sanda ɗaya, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyawa sau 1,200 a minti. Nauyinta ya kai kusan tan guda, abin da take ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne, kimanin megabait 3.75, wanda bai kai girman hoto ɗaya na wayar zamani mai kyau ba. Tana da hannu irin na garmaho, wanda ke hawa da sauka tsakanin faya-fayan, ya kutsa inda bayanin yake, ya karanto. Wannan tafiyar kan ci kimanin milisakan 600, wato fiye da rabin daƙiƙa.

Faifan da ake sayarwa yau jikan wancan ne kai tsaye, kuma tsarinsu ɗaya: faifai mai juyawa, da hannu mai nema. Bambancin yana wurin abin da ya ƙaru da abin da ya ƙi ƙaruwa. Faifai mai terabait 20 ya ninka na 1956 wajen ɗaukar kaya fiye da sau miliyan 5. Amma lokacin da hannu ke ci kafin ya isa inda ake so ya sauko ne kawai daga milisakan 600 zuwa kimanin 12 ko 13, abin da bai wuce ninki hamsin ba. Rumbun ya zama gari guda, ɗan aiken da ke shiga ya ɗauko kaya kuwa har yanzu da ƙafa yake tafiya.

Lissafin ba shi da wuya. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 8.3. Idan hannu ya isa layin da ake nema, sai ya jira bayanin ya zagayo ƙarƙashinsa, jiran da a tsakaice rabin zagaye ne, milisakan 4 da ɗoriya. A haɗa da milisakan 8 ko 9 na tafiyar hannun kansa, sai a ga faifan ba zai iya amsa buƙatu warwatsattsu fiye da kimanin 80 zuwa 100 a daƙiƙa ba. Ƙananan faya-fayan waje, waɗanda ake sa wa a aljihu, galibi sau 5,400 suke juyawa a minti, don haka sun fi wannan nawa. Ƙarfe ne ke motsi, ƙarfe kuma yana da iyaka.

Masana sun daɗe da ganin wannan giɓi. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ST-506, mai megabait 5, wanda ya shigar da faifan ajiya cikin ƙananan kwamfutoci. Shekaru takwas bayan haka, a 1988, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan RAID. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta na ƙara sauri kowace shekara alhali faifai na jan ƙafa, don haka a tara faya-fayai masu araha da yawa su yi aiki tare, a kuma ware wani ɓangare domin farfaɗo da bayanai idan ɗaya ya mutu. Dabarar ta ci nasara a manyan cibiyoyin bayanai, daga can ta gangaro cikin akwatunan ajiya na gida. Sai dai abin da take ƙarawa shi ne yawan kayan da ake kwasowa a lokaci guda. Jiran da ƙaramin fayil ɗaya ke yi bai ragu ba, domin shi ma sai hannu ya je ya same shi.

A nan ne tarihin ya haɗu da uwar garken gida, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskuren gano mai laifi. Fim dogon fayil ne guda, shimfiɗe a jere. Hannu na isa farkonsa sai ya zauna, faifai ya yi ta miƙo masa. A irin wannan karatu faifai mai juyawa na zamani kan ba da megabait 100 zuwa 250 a daƙiƙa. Fim mafi nauyi da ake sayarwa, na Blu-ray mai ingancin 4K, iyakarsa megabit 128 ne a daƙiƙa, wato megabait 16. Ashe kunna fim ba ya ko sa faifai gumi.

Abin da ke wahalar da shi shi ne ƙawar da aka yi wa fina-finan. Wannan ƙawa ta samo asali ne daga na'urar wasa ta Xbox, wadda Microsoft ya fitar a 2001 da faifan ajiya a cikinta. Wasu masu sha'awa suka rubuta mata manhajar kallon bidiyo, wadda ta zama XBMC, aka sauya mata suna zuwa Kodi a 2014. Daga jikinta Plex ta ɓalle tsakanin 2007 da 2008, Jellyfin kuma ta ɓalle daga Emby a ƙarshen 2018. Waɗannan manhajoji ba su tsaya ga nuna sunan fayil ba. Kowane fim sai an yi masa hoton bango, taƙaitaccen labari, sunayen 'yan wasa, ƙananan hotunan da ke fitowa idan ana jan fim gaba, da kundin da ke tuna inda kowa ya tsaya. Dubban ƙananan fayiloli ke nan, warwatse. Buɗe shafi ɗaya na iya tura hannu wurare masu yawa, kuma idan a daidai lokacin wani na kallon fim daga faifan, hannun zai riƙa kai-komo tsakanin aiki biyu, ya kasa gamsar da ko ɗaya.

Maganin wannan ya fito daga Japan. Fujio Masuoka, injiniya a kamfanin Toshiba, ya gabatar da ma'ajiyar filash a 1984, sannan nau'inta na NAND a 1987. An ce abokin aikinsa Shoji Ariizumi ne ya raɗa mata sunan, domin yadda take goge bayani farat ɗaya ya tuna masa walƙiyar kyamara. Masuoka bai ga ladan da yake ganin ya cancanta ba, har ya kai kamfanin ƙara, aka sasanta a 2006. Abin da ya ƙirƙira shi ne tushen katin waya da filashin aljihu da SSD. Ba faifai, ba hannu, ba jiran zagaye. Ana isa ga kowane bayani cikin abin da bai kai milisakan ɗaya ba, kuma SSD mai arha ma na amsa dubban buƙatu a daƙiƙa. Amma kowane terabait nata ya fi na faifai mai juyawa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa tsohon tsarin bai mutu ba. Rabon aikin da ya fi dacewa a gida ya fito fili daga nan: manhaja da kundinta da hotunanta su koma kan ƙaramar SSD, fina-finan su zauna a babban faifai mai juyawa. Zuba fina-finai a SSD mai tsada, a bar kundi a tsohon faifai, ɗora kaya ne a kan doki a bar jaki da tsere.

Saura igiya. USB ta farko, ta 1996, megabit 12 take ɗauka a daƙiƙa, an yi ta ne domin linzami da allon rubutu. Ta biyu, ta shekarar 2000, ta kai megabit 480 a takarda, a aikace kuwa megabait 30 zuwa 40. Sai a 2008 USB 3.0 ta zo da gigabit 5, ta wuce abin da faifai mai juyawa zai iya cikawa. Tare da ita aka samu tsarin UAS, wanda ke barin a jera wa faifai umarni da yawa lokaci guda, maimakon tsohon tsarin da sai ɗaya ya kammala ake aika na biyu. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012 kuma mutane da yawa suka mayar uwar garke, ta nuna illar ƙuntatacciyar hanya ƙarara: a samfuranta na farko, kafar intanet da kafofin USB duk ta hanya ɗaya ta USB 2.0 suke bi, fim ya shigo ta ƙofar da zai fita. Sai a Pi 4 ta 2019 aka raba su. Har yau SSD da aka jona a tsohuwar kafa ba za ta wuce saurin kafar ba, ko da yake saurin amsa ƙananan buƙatu zai inganta.

Babi na baya-bayan nan ba mai daɗi ba ne. Domin ƙara yawan abin da faifai ke ɗauka, kamfanoni suka ɓullo da SMR, inda layukan rubutu ke hawa gefen juna kamar yadda ake jera kwanon rufi. Karantawa lafiya lau, amma gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A 2020 aka gano cewa Western Digital ya sanya wannan tsari a wasu faya-fayansa na WD Red, waɗanda ake tallatawa domin akwatunan ajiya na gida, ba tare da ya sanar ba. Aka yi ca a kansa, aka shigar da ƙara, kamfanin ya ware samfurin Red Plus mai tsohon tsari. Faya-fayan waje masu arha da yawa SMR ne. Sun isa ajiye fina-finan da aka rubuta sau ɗaya, amma sukan durƙushe idan aka ɗora musu kundi ko aka daɗe ana kwafa.

Akwai kuma nawar da faifai ba shi da hannu a cikinta. Idan talabijin ba ta gane nau'in bidiyon ba, uwar garke kan sauya shi nan take yayin da ake kallo, aikin da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfuta kacokan. Ko SSD goma aka jona ba abin da zai sauya. Haka idan Wi-Fi ne ke ratsa bango biyu kafin ya isa falo. Jinkirin 'yan daƙiƙoƙi a farkon fim kuma sau da yawa barci ne faifan waje ya yi domin tsimin wuta, sai ya farka ya ɗauki juyi. Wutar ma kanta abin lura ce: kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, kuma ƙaramar kwamfuta mai faya-fayai biyu na iya kasa ciyar da su, su riƙa yankewa suna dawowa. Inda ake yawan ɗauke wuta, kamar yawancin biranen Najeriya, yankewa a tsakiyar rubutu na iya lalata kundin manhajar gaba ɗaya, don haka ƙaramin batirin ko-ta-kwana da faifai mai wutar kansa sukan fi ƙarin terabait huɗu amfani.