Mata masu kaifin harshe, daga dandalin wasa zuwa fim

Sama da shekaru dubu biyu ke nan marubuta wasan kwaikwayo na barkwanci a Turai suke ƙirƙiro wata irin mace wadda ba ta da sarauta ko iko a gaban shari'a, amma basirarta da iya maganarta kan sa ta rinjayi maza.

A shekara ta 411 kafin haihuwar Annabi Isa, marubuci Aristophanes na birnin Atina a ƙasar Girka ya fito da Lysistrata, wadda ta shawo kan matan garuruwan da ke yaƙar juna su ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an yi sulhu.

Zamanin Shakespeare

A Ingila, William Shakespeare ya ba irin waɗannan mata babban matsayi. A wasan The Merchant of Venice, Portia ta yi shigar lauya ta shiga kotu, ta amince cewa Shylock yana da haƙƙin yankar tsoka daga jikin Antonio kamar yadda yarjejeniyarsu ta tanada, amma da sharaɗin kada ɗigon jini ko ɗaya ya zuba. Da wannan hujja ta ceci ransa.

Haka kuma akwai Beatrice a wasan Much Ado About Nothing, wadda ke musayar baƙar magana da Benedick har suka ƙare da soyayya, da kuma Viola a Twelfth Night, wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

A Faransa ma, a wasan Tartuffe na Molière, 'yar aikin gida Dorine ta gane munafuncin baƙon da ke fakewa da addini tun kafin maigidanta Orgon ya farga.

Abin mamakin shi ne, a Atina da kuma Ingila ta zamanin Shakespeare, maza ne ke fitowa a matsayin waɗannan mata. Sai a shekarar 1660 aka fara barin mata su hau dandalin wasa na jama'a a Ingila.

Zuwan fim

Fim ya juya al'amarin. A wasan The Front Page na 1928, ɗan jarida Hildy Johnson namiji ne, amma da Howard Hawks ya mayar da labarin fim a 1940 da sunan His Girl Friday, sai ya mai da shi mace, Rosalind Russell ta fito a matsayin.

A 1993 Emma Thompson ta fito a matsayin Beatrice a fim ɗin Kenneth Branagh. A 2001 kuma, Reese Witherspoon ta fito a Legally Blonde a matsayin Elle Woods, ɗalibar lauya a Harvard da ake yi wa kallon sakarya, wadda ta ƙaryata wata mai ba da shaida a kotu da saninta kan gyaran gashi.

Babban bambancin yana ga ƙarshen labari. Portia da Beatrice da Viola duk da aure labarinsu ya ƙare. Hildy ta koma wa tsohon mijinta ba tare da ta bar aikin jarida ba, yayin da Elle ta juya wa saurayin da ya raina ta baya, ta kammala karatunta.